Dambun Nama Ya Zama Sana'a?

Tambaya: Don sha'awa nake dambun nama, yanzu oda ta yi yawa a WhatsApp. Yaushe zan ɗauke shi sana'a? Daga wata mai karatu, Agege.

Amsa: Hajiya, tunda baƙi na saye, ai ya zama. Buɗe asusun banki daban, kada cefane ya cinye jari. Auna naman ɗanye, ki sake aunawa bayan suya, don yana raguwa sosai. A kan nauyin ƙarshe za ki yanka farashi, haɗe da mai, gas, roba, kuɗin ɗan aike da wahalarki. Nan ake yawan faɗuwa. Yi wa sunan sana'ar rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Manyan kantuna kuwa za su nemi lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Damshin Legas na kawo fumfuna, ki soya ya bushe ƙarau, ya huce kafin ki rufe.