Tambaya da Amsa: Ƙwayar Ciwon Suga, Mai Tsada ko Mai Araha?

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan da likita ya ɗora mahaifiyata a kan metformin 500mg. Glucophage muke saya, amma kuɗinsa ya fi ƙarfina yanzu. Mai kemis ya ce akwai ɗan Indiya mai sauƙi. In saya?
Wata baiwar Allah daga Zariya

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Hajiya lafiya. Ki saya, amma ido buɗe. Glucophage sunan da kamfani ya laƙaba ne, ainihin maganin da ke ciki shi ne metformin. Ki juya kwalin ki tabbatar an rubuta metformin, 500mg, ga lambar NAFDAC, ga ranar da zai daina aiki. Idan kin ga XR ko SR a jiki, wannan mai narkewa a hankali ne, ba a ɓara shi biyu, ba a daka shi, kuma ba a musanya shi da wanda ba XR ko SR ba sai likita ya sani. Ki nemi kemis mai rajista. Maganin da ya wuni a tire rana na dukansa a bakin tasha, ko kyauta ne ban yarda da shi ba.

Sannan ki kiyayi wannan maganar: "Babu shi, amma ga wani, ai duk na suga ne." Ba duka ɗaya ba ne.

*

Tunda na fara shan metformin cikina ke ƙugi, ga gudawa. Maƙwabcina ya ce in koma Daonil irin nasa, wai ya fi ƙarfi. Yaya ke nan?
Wani malamin makaranta daga Katsina

Malam, kar ka karɓa. Gudawa da tashin zuciya sananniyar ɗabi'ar metformin ce a makonnin farko, kuma galibi tana lafawa. Ka riƙa shan sa a tsakiyar cin abinci, ba cikinka wayam ba. In abin ya ƙi, likita na iya rage maka shi ya riƙa ƙarawa sannu a hankali, ko ya ba ka mai XR.

Daonil kuwa glibenclamide ne. Shi yana tilasta wa jiki fitar da insulin, wato sinadarin da ke sauke sugan jini, ko ka ci abinci ko ba ka ci ba. Na taɓa ganin dattijo a layin banki, ya sha nasa da sassafe bai karya ba. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya sai gumi ya jiƙe masa riga, hannu na karkarwa, magana ta harɗe, har wasu suka fara yi masa tofi. Rabin kwalbar lemo ce ta dawo da shi. Suga ne ya faɗi, wato ya yi ƙasa da 70 a na'urar gwaji. Metformin shi kaɗai ba kasafai yake yin haka ba, shi ya sa da shi ake yawan farawa.

Sharaɗin metformin a ƙoda yake. A gwada maka ita aƙalla sau ɗaya a shekara. Ranar da amai ko zawo mai tsanani ya kama ka har ba ka iya riƙe ruwa, dakatar da shi ka nufi asibiti. In shekaru suka ja kana sha, a duba maka bitamin B12, musamman idan tafin ƙafa ya fara yi maka kamar ana tsira allura. Batun azumi kuma, tun cikin Sha'aban ake zama da likita a gyara lokutan sha.

*

Wace na'urar gwajin suga zan saya?
Wata uwargida daga Jos

Uwargida, tambayi kuɗin tsinken gwajin, wato wanda ake ɗiga wa jini, kafin na na'urar, domin shi za ki yi ta saya. Kowace na'ura da irin nata tsinken, sai ki ɗauki wadda ake samun nata a kemis ɗin unguwarku.