Vincent ya ji yabon duniya da kunnensa, me ya sa bai warke ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni mai bibiyar shirin talabijin na Birtaniya mai suna Doctor Who ce. Jiya na sake kallon kashin nan "Vincent and the Doctor", inda jarumin shirin, Doctor, da abokiyar tafiyarsa Amy, masu ratsa zamani a cikin wani akwati shuɗi, suka ɗauko mai zane Vincent van Gogh daga shekarar 1890, suka kawo shi gidan adana zane a Paris a 2010, ya ji ana cewa ba a yi kamarsa ba. Ya yi kuka, ya koma zamaninsa cikin murna, amma duk da haka ya kashe kansa. Na kasa barci, don ƙanena wata uku ke nan yana kwance a ɗaki, ba ci ba fita, alhali ya samu aikin da ya daɗe yana nema. Mun shirya taron dangi mu nuna masa gatan da yake da shi. Kawunmu kuma ya ce iska ce. Idan yabon duniya bai ceci Vincent ba, namu zai yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. A'a, taron nan ba zai warkar da shi ba, kuma ina roƙonki ki dakatar da shi.

Marubucin wannan kashi, Richard Curtis, bai yi wa ciwon damuwa ƙarya ba. Ko a tarihi na gaskiya yabo ya riski Vincent yana raye. A Janairun 1890 mai sharhi Albert Aurier ya rubuta maƙala yana kambama shi, a farkon shekarar aka sayi wani zanensa a Brussels kan faran 400, ƙanensa Theo kuma bai fasa aika masa kuɗi ba. Vincent ya rasu ranar 29 ga Yuli, yana da shekara 37, wata biyu da 'yan kwanaki bayan fitowarsa daga asibitin ƙwaƙwalwa na Saint-Rémy a Faransa inda ya shekara. Gata bai yi masa ƙaranci ba. Magungunan da muke da su yau ne babu a lokacin.

Kuskuren da ya fi cinye mana marasa lafiya shi ne ɗaukar ciwon damuwa a matsayin rashin godiyar Allah ko raunin tawakkali, wanda albishir ko nasiha za su kawar. Ba haka ba ne. Babban aikin ciwon shi ne kashe ɗanɗanon komai, kamar yadda mai zazzaɓi ke jin zuma da ɗaci. Ƙanenki ya san ya samu aiki, ya san kuna sonsa, daɗin ne ba ya isa gare shi. To ki duba abin da zai faru a taron. Za a zaunar da shi a tsakiya, babba ya lissafa kuɗin makarantar da aka biya, inna ta yi hawaye, wani ya ce dubban matasa na yawo da takardu ba aiki. Ku kuna ganin ƙarfafa gwiwa kuke yi, shi kuma abin da yake ji shi ne ya zame muku kaya, ya ci amanar ɗawainiyarku. Wannan tunani na "da ba ni, da sun huta" yana cikin alamomin da muka fi tsoro. Daga nan sai ya yi murmushi ya ce ya ji, don a watse a ƙyale shi, dangi su koma gida suna cewa an shawo kansa, a sassauta sa ido a daidai lokacin da ya fi buƙata. Murnar da Vincent ya yi a ƙofar akwatin nan shuɗi ta gaske ce, amma murnar yini ɗaya ba ta nufin ciwon ya tafi, kuma natsuwar da ta sauko kwatsam bayan doguwar damuwa abin a ƙara lura ne.

Batun iska kuwa, ki girmama kawu, amma kada ki bari a kai yaron nan inda ake turara hayaƙi a ɗakin da aka kulle, ana duka da sunan fitar da aljani, ko a ɗaure mutum da mari. Masu wannan sana'a suna cinye kuɗi da makonni, su dawo da mara lafiya da tabo a jiki da ƙarin tsoro. Haka mai kemis ɗin da zai ba shi ƙwayar barci ko tramadol ba tare da takardar likita ba. Ku yi masa addu'a dare da rana, ku kuma kai shi asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Yau ɗin nan ki zauna da shi ku biyu, ki tambaye shi kai tsaye: "Kana tunanin kashe kanka?" Tambayar ba ta dasa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Idan ya ce eh, ko ya yi shiru mai nauyi, kada a bar shi shi kaɗai, a tafi asibiti a ranar. Ko me ya amsa, ki kwashe maganin ƙwari, maganin ɓera da tarin ƙwayoyi daga gidan. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da na tarayya a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da Maiduguri, ko sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa mafi kusa.

Ki gaya wa likita idan ya taɓa yin kwanaki ba barci kuma ba gajiya, yana surutu da ɓarin kuɗi, don wannan wani ciwon ne daban, kuma maganin damuwa shi kaɗai na iya tayar da shi. Ki faɗi duk abin da yake sha. Ana iya gwada jininsa, saboda ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo kan zo da irin wannan kasala. Idan aka rubuta maganin damuwa mai suna fluoxetine, yawanci miligiram 20 ne da safe, sai an yi mako 2 zuwa 4 kafin a fara ganin canji, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an ji sauƙi. A nan yawanci ake faɗuwa: a sha kwana 10, a ce ba ya aiki, a watsar. Idan amitriptyline ne, ke ki riƙe shi ki riƙa ba shi na kullum, don yawansa na taɓa zuciya. Makonnin farko ne ƙarfin jiki kan dawo kafin ƙuncin ya yaye, haɗarin cutar da kai kuma kan ƙaru, musamman ga wanda bai kai shekara 25 ba, don haka a waɗannan makonni wani ya riƙa kwana a ɗakinsa, kuma kada a tsallake ranar komawa ganin likita.