Dodonka ya fito da wuri, kuma kogon yayi haske da yawa

Toh ƙanena, na ga shafuka 8 ɗin da ka turo min na labarin zane na mutum biyar ɗin nan da suka ɗaura igiya suka sauka kogo suna neman hanyar duniyar ƙarƙashin ƙasa, kuma na ji tambayarka, wai me yasa duk wanda ka nuna wa sai ya ce zane yayi kyau amma babu wanda gabansa ya faɗi, alhali kwana uku kayi kana zana dodon. Hannunka ya faɗa, wannan kam ba ni da ta cewa. Matsalar a wajen haske take da kuma inda ka ajiye abin.

Duba shafi na 3. Ka nuna shi gaba ɗaya tun daga kai har wutsiya, haƙora a jere, farata a waje. Ana cewa gani ya kori ji, toh a wannan aikin namu gani har tsoro yake kora, da zarar mai karatu ya ƙirga haƙoran ya san iyakar abin, hankalinsa ya kwanta kenan. Kuma kaga shafi na 3 a hannun dama yake faɗawa, domin a littafi shafi na 1 dama yake, duk mara kamar 3, 5, 7 suna dama, cika kamar 2, 4, 6 suna hagu. Mutum yana buɗewa idonsa ya riga ya share shafukan biyu kafin ya karanta kalma ɗaya, wato tun yana farkon shafi na 2 ya gama ganin dodonka. Abin firgita a shafin hagu ake ajiye shi, akwatin zane na ƙarshe a shafin daman da ya gabace shi ya zama fuskar wanda ya ji motsi yana juyo da tocila, sai mai karatu ya juya takarda da hannunsa.

Yanzu zancen haske, nan ne nafi so ka tsaya. Cikin kogo mai zurfi babu rana babu wata, ko awa nawa kayi idonka ba zai saba ba saboda babu ɗigon hasken da zai kama. Saboda haka kowane akwati kafin ka sa fensir ka tambayi kanka, wa ke riƙe da tocila kuma ina ya haska. A shafinka na 5 haske yana sauko musu ta sama, daga ina? Kuma hasken fitila saurin mutuwa yake, abin da ke taku 2 daga fitila in ka matsar da shi taku 4 kashi ɗaya cikin huɗu na hasken kawai zai samu, shiyasa na kusa zai fito fari tas, na bayansa rabin fuska, na ukun ƙyallin hular kwano kawai, sauran baƙi ƙirin. Daren yau ka kashe komai a ɗaki, ka ajiye tocila a ƙasa ka tsaya gaban madubi, za ka ga inuwar hanci ta haura sama, goshi ya ɓace, mutum ya zama kamar ba shi ba. Zana wannan sau goma. Sannan dan Allah ka daina cika duhu da ƙananan layuka masu gicciye juna, a babbar takarda ta A3 kake zane, in aka rage girmansa wajen bugawa layukan haɗewa suke su zama taɓo. Ɗauki burushi ka shimfiɗa tawada baƙa ba tsoro, inda duhu ne ya zama duhu.

Shi kansa dodon, ka ba shi manyan jajayen idanu, me zai kalla da su a can? A kogunan ƙasar Silobeniya da ke Turai akwai wata halitta cikin ruwa da ake kira olm, doguwa siririya, jikinta fari-fari kamar fatar da ba ta taɓa shan rana ba, idanunta a rufe ƙarƙashin fata, da ji da shinshina take rayuwa. Ka ɗauki darasi daga nan. In naka ba shi da ido, kashe tocila ba zai cece su ba, shiru ne kaɗai zai cece su, kaga kenan labarin ya samu doka, kuma kai ka samu abin wasa da shi, da'irar da ake rubuta maganarsu a ciki tana ta ƙanƙancewa shafi bayan shafi har ta ɓace, sai akwati huɗu babu kalma ko ɗaya, sai ƙaramin "ƙwas" na dutse da takalmin wani ya taɓa. Wallahi wannan "ƙwas" ɗin yafi haƙora ɗari aiki.

Kuma saukarsu tayi sauri, shafi ɗaya sun kai ƙasa. Kogon Veryovkina da ke yankin Abkaziya a gaɓar Bahar Aswad zurfinsa ya haura mita 2,200, masu shiga kwanaki suke yi a ciki suna kwana a hanya. Ka bar mai karatu ya gaji tare da su. Wajen sauka da igiya yi akwatuna dogaye sirara daga sama har ƙasan shafi, wajen rarrafe yi su kwance a matse yadda kafaɗar mutum ke taɓa layin akwatin sama da ƙasa. Akwai wani Bafaranshe Michel Siffre, a 1962 yayi wata biyu a ƙarƙashin ƙasa babu agogo, ranar 14 ga Satumba da aka sanar da shi lokaci ya cika shi a lissafinsa 20 ga Agusta ne. Sa biyu daga cikin mutanen labarinka suyi gardama kan yau kwana nawa, kowa da gaskiyarsa, wannan ma abin tsoro ne kuma ba sai ka zana komai ba.

In sun fita fili babba, ba su shafi guda cur baƙi da ɗigon haske biyar ƙanana a can ƙasa. Bayan shafi shida ka maimaita shi sak, amma ɗigo huɗu, kuma kada ka bar kowa a cikinsu ya ce uffan a kai, mai karatu da kansa zai koma baya ya ƙirga.

Kada ka taɓa tawada tukuna. Ninka farar takarda ta zama ɗan littafi, ka sake tsara shafi na 2 zuwa na 8 da fensir ƙanana-ƙanana, ka riƙa juyawa kamar mai karatu kana lura da abin da idonka ya fara faɗawa kai. A wannan zagayen hannu ɗaya kawai na yarda ka nuna na dodon, fari, a bakin haske, yana shafa igiyarsu. Ka kawo min in gani.