Amsa: Tankin babur da fetur ya daɗe a ciki

Malam, ka yi tambaya kan yadda za a wanke tankin babur da fetur ya daɗe a ciki. Tunda babur ɗin ya shekara a ajiye, kada ka tayar da shi tukuna. Tsohon fetur danƙo yake zama, ya toshe kafireto. Zare tiyo, kwance tankin, juye man a jarka, ba a kwata ba. Zuba sabon fetur rabin lita da noti 15 a tankin don su kankare dattin, girgiza sosai, ka juye, ka ƙirga notin su fito cif. In da tsatsa, cika tankin da ruwan khal (wato binega) ya kwana, ɗauraye, ka shanya nan take, don danshi kaɗan kan dawo da ita. In ya huje, kada masu walda a kasuwar Panteka su sa masa wuta sai an wanke shi tas. Tururin man da ya rage yana fashewa.