Amsa ga mai tambaya a kan gandu da matan mahaifinsa

Assalamu alaikum, ɗan'uwa. Ka ce mahaifinku manomi ne a ƙasar Pitowa da ke arewacin Kamaru, ƙarfinsa ya ja baya har ya miƙa maka ragamar gandu, matansa uku kuma kowace tana ƙorafi a kan rabon hatsi, shi ne kake tambaya ko ka yanka gonar kashi uku kowane ɗaki ya riƙe nasa. A irin wannan gida na tashi a yankin Gider, kuma na riƙe gandunmu tun Baba yana da rai, Allah ya jiƙansa. Shawarata ita ce kada ka raba gona matuƙar tsohon yana raye. Abin da ke neman gyara shi ne yadda hatsi da kuɗi suke fita daga hannunka.

Raba gona yana kama da adalci, amma ɗakunan ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ɗakin uwargida mai samari zai yi noma ya cika rumbu, ɗakin amarya mai ƙananan yara kuwa ciyawa za ta cinye rabonsa kafin a kai ga maimai. Shanun huɗa da garma ba sa rabuwa uku, kuma a makonnin farko na damina kowa a rana ɗaya yake bukatarsu. Ga kuma batun auduga: taki da maganin feshi da kamfanin auduga na Kamaru, SODECOTON, ke bayarwa bashi ne da ake cirewa a lokacin sayarwa, kuma 'yan ƙungiyar manoman auduga suna lamuntar juna, saboda haka idan ɗaki ɗaya ya gaza, sunan gidanku gaba ɗaya ne zai ɓaci a wurin maƙwabta. Sannan gonar da aka tsattsaga ba ta ba ka damar juya shuka, wato masara ta bi bayan auduga ta ci ragowar takin.

A gidanmu ƙorafi ya ragu ne ranar da muka daina awo a ɓoye. Da kaka, kafin a rufe rumbu, mukan ƙirga damin dawa da buhunan masara a gaban iyayen namu duka uku, a fitar da zakka, wadda ita ce kashi ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar idan ya kai nisabi, a ware iri, sannan a san abin da zai kai gidan har watan Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Mudu ɗaya ake awo da shi ga duk wadda ke da girki, kuɗin cefane ma daidai. Abin da ake ba kowane ɗaki na kunun safe kuwa, gwargwadon bakunan da ke cikinsa ne, kuma a faɗi dalilin a fili, domin mai 'ya'ya bakwai da mai biyu ba za su ƙoshi da kwano ɗaya ba. Ina roƙonka, ko da kai ne kake hawa rumbu, ka bar izinin buɗe shi a bakin tsohon. Su matansa ne, kai kuwa ɗan ɗaya ne daga cikinsu, kuma duk gaskiyarka sauran biyun za su sa ido su ga ko hannunka ya fi nauyi a ƙwaryar mahaifiyarka. Idan umarni daga mijinsu ya fito, zuciya ta fi saurin karɓa.

Kuɗin auduga ya fi hatsi haddasa zargi, saboda a dunƙule yake zuwa kuma a aljihu yake ɓacewa. Ranar da aka biya ka, ka kawo takardar awo gida, ka karanta nauyin da aka samu, da bashin da aka cire, da sefar da ta rage. Matan da yaransu sun sha rana wajen tsinkar audugar nan, suna da haƙƙin jin lissafi kafin a yi maganar tufafin salla ko kuɗin makaranta.

Akwai kuma dukiyar da ba ta gandu ba, wadda 'ya'ya maza suka fi saurin yi wa kutse. Gayaunar da mace ta shuka gyaɗa ko kuɓewa, da akuyoyin da ta saya da ribar ƙuli-ƙuli da man gyaɗar da take aikawa kasuwar Pitowa ranar Lahadi, duk mallakinta ne a shari'a. Idan gida ya shiga matsi ka karɓi akuyarta, ka karɓa da sunan rance, ka biya da kaka. Na ga gidajen da aka rage wa mace awo don an ga tana da sana'a, kuma wannan zalunci ne ƙarara, domin ciyarwa wajibin miji ce ko da matar ta fi shi wadata.

Wadda na fi so ka duba ita ce wadda ba ta da ɗa namiji, ko ba ta haihu ba sam, idan akwai ta a cikinsu. Ranar da ta Allah ta kasance ga tsohon, matan uku tumuni ɗaya, wato kashi ɗaya cikin takwas na gadon, za su raba tsakaninsu tunda akwai 'ya'ya, kuma ita ba ta da wanda zai noma mata. Ka tuntuɓi tsohon cikin ladabi tun hankalinsa yana tare da shi da lafiyarsa. Idan yana son ya ba ta fili ko saniya, ya bayar yanzu, ta karɓa ta riƙe a hannunta, domin a mazhabar Malikiyya kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu komawa take cikin gado. Galibin gonakin ƙauyukanmu ba su da takardar mallaka ta hukuma, saboda haka ku kira jauro, wato mai gari, da liman da maƙwabtan iyaka su shaida, a rubuta abin da yake na gandu da abin da yake na kowace mace, a ajiye kwafi ɗaya a wurin liman, ɗaya kuma a hannunta.