Amsa kan ɗaukar fim da kyamara a hannu

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Wani ɗan'uwanmu ya yi tambaya ko ɗaukar fim da kyamara a hannu salo ne na musamman ko kuwa rashin kayan aiki ne, tunda a ganinsa hoton da ke rawa aikin ɗan koyo ne. Malam, salo ne, kuma yana da tarihi. Kyamarorin farko na fim mai sauti nauyinsu ya fi ƙarfin kafaɗar mutum, sai da aka samu marasa nauyi irin su Arriflex 35, wadda aka fitar a Jamus a 1937, sannan masu ɗaukar hoto suka samu damar bin mutane da ƙafa. Matasan daraktocin Faransa sun rungumi wannan hanya wajen 1960, daga baya kuma wasu daraktocin Denmak suka kafa ƙa'idojin Dogme 95 a 1995, inda suka wajabta wa kansu riƙe kyamara a hannu.

Dalilin da ya sa ake zaɓenta shi ne, kyamarar da ke kan ƙafa uku tana kallon abu daga gefe, amma wadda ke kafaɗa tana numfashi tare da mai riƙe da ita, don haka mai kallo yakan ji kamar shi ma yana tsaye a wurin. Idan mata da miji suna gardama a ɗaki, kyamara ta ɗan makara kafin ta juya ga wanda ya ɗaga murya, wannan 'yar makarar ita ce ke sa abin ya yi kama da gaskiya. Sai dai a nan ne mutane da yawa suke kuskure, domin suna girgiza kyamarar da gangan, alhali ƙwararre ƙoƙarin tsayar da ita yake yi, motsin da ya rage shi ne wanda jiki ya kasa dannewa. Fitowar da aka yi ta jijjiga ba dalili takan sa wa mai kallo jiri, har ya kasa gane wa ya bugi wa.

Wajen aiki, ka manna gwiwoyin hannunka a haƙarƙari, ka ɗan rusuna, ka riƙa sauke diddige kafin yatsu idan kana tafiya. Ka yi amfani da gilashin kyamara (lens) mai ɗaukar fili da faɗi ka matsa kusa da ɗan wasa, saboda gilashin da ke zuƙo nesa yana ninka kowace 'yar rawar hannu. Kyamara mai ɗan nauyi ta fi waya natsuwa, abin da ke ba wasu mamaki. Idan kuma tafiya sumul kake so, wannan aikin Steadicam ne, na'urar da mai ɗauka ke ɗaurawa a jiki don hana kyamara rawa, wadda Garrett Brown ya ƙirƙiro aka fara ganinta a finafinan 1976, ko kuma gimbal na zamani, wato mariƙi mai injin da ke daidaita kyamara, kuma hoton da suke bayarwa daban yake da na kafaɗa.