Amsa: Mallakar kyamara ya isa mutum ya zama mai ɗaukar hoton fim?

Salam ɗan'uwa, ka tambaya wai in ka sayi kyamara mai tsada shikenan ka zama mai ɗaukar hoton fim. Gaskiya a'a, kyamarar ma yawanci hayarta ake yi, abin da ake biyanka dominsa idonka ne da sanin haske. Darakta shi ke da labari da ƴan wasa, kai kuma kai za ka ce ga inda za a kafa fitila, ga inda inuwa za ta faɗi, wane gilashi za a ɗaura wa kyamara, a matso kusa da fuskar ɗan wasa ko a ja baya, kuma a manyan finafinai sau da yawa wani ne daban ke riƙe kyamarar kai kana gaban allo kana duba hoto.

Da yawan masu wannan aiki daga ƙasa suke farawa, ɗaukar kaya, cajin batir, sai a kai ga saita fokas, wato daidaita gilashin kyamara don hoto ya fito tar, wanda wallahi aikin akwai wuya don in hoto ya dushe kai za a kalla. Ga tsayuwa awa 12 ko fi, in fim ya ƙare kuma sai zaman jiran wani.

Dubi Roger Deakins, shahararren mai ɗaukar hoton fim ɗan Ingila, da finafinan dokumentari ya fara, sau 13 ana sa shi takarar Oscar, babbar lambar yabon finafinai ta Amurka, yana faɗuwa sai 2018 ya ci. Shawarata ka nemi wanda ya iya ka bi shi a matsayin mataimaki, kana gwada haske da wayarka kafin ka zuba kuɗi a kaya.